Yadda Malam Ba-Wuya Ya Gyara Ajin Zane

A ɗakin malamanmu akwai mutumin da bai taɓa jin an ambaci wani aiki ya bar maganar ta wuce lafiya ba. In aka ce injin ruwa ya lalace, sai ya ce, "Ba wuya." In aka ce wance tana naƙuda tun jiya, sai ya ce, "Ba wuya." Da haka sunansa na yanka ya ɓace. Yara da manya kowa Malam Ba-Wuya yake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don ya ɗauka kirari ne. Motsa jiki yake koyarwa, kullum da usur rataye a wuya.

Abin da ya ta da zancen shi ne malamin ladabtarwa ya yi ritaya, ya bar ofishi mai fanka da labule da kujera mai juyawa. Tun ranar Malam Ba-Wuya ya ninke wandon wasanni ya ajiye, ya koma sa fararen kaya tun daga hula har takalmi. In ya zo wucewa ta ƙofar ofishin sai ya rage tafiya, ya leƙa, ya gyara murya. Shugabar makaranta kuwa ta ce ba za a naɗa kowa ba sai ƙarshen zango, ranar da iyaye za su zo ganin aikin 'ya'yansu tare da wakilin hukumar makarantar.

Ana cikin haka malamar zane ta tafi hutun haihuwa. Shugaba ta shigo ɗakin malamai tana neman wanda zai riƙe mata ajin, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Ajin zane ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga bakin titi ake jin hayaniyarsa, kuma yaro yakan shiga da farar riga ya fito kamar an yi ɓarin kasuwar rini a kansa.

"Ba wuya," in ji Malam.

Malamar lissafi, wadda ke gefe tana duba littattafai da jan biro, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka iya zane ne, Malam?"

"Malama, wanda ya iya sa yaro ya yi tsallen kwaɗo, me zai gagare shi? Matsalar ajin nan ba zane ba ce, rashin ɗa'a ne. Ranki ya daɗe, ki ba ni su. Ranar da iyaye za su zo, in kika ji ko tari daga ajin nan, ki canza mini suna."

"An riga an canza," in ji malamar lissafi.

Shugaba ta ce, "To, Malam, ga ka ga su. Ni dai abin da nake so, ranar taro a samu zanen da za a rataya. Wakilin hukuma zai duba, ni ma zan duba, daga nan sai a yi maganar ofishin."

Ranar farko ya shiga ya busa usur, yara suka yi tsit don mamaki. Ya bayyana musu tsarinsa. Kowa zai fara da maki ɗari. Ɗigon fenti a hannu, a rage. A riga, a rage. A tebur ko a ƙasa, a rage. Tashi daga kujera, a rage. Magana kuwa maki biyar ce, ko da salati ne.

Monitan ajin, wani siririn yaro mai tabarau wanda ba ya yin komai sai ya tambayi ƙa'idarsa, ya ɗaga hannu.

"Malam, shi zanen kansa maki nawa ne?"

"Zane bayan ɗa'a yake bi, kamar jela da saniya. In ka kama saniya, sai ka koma neman jela?"

"A'a, Malam."

"To ka yi magana sau biyu. Saura casa'in."

Ya sake busa usur, aka ɗauki buroshi. Shi kuma ya tsaya a gaban teburinsa yana ba su tarihin yadda ya taɓa ladabtar da wata ƙungiyar ƙwallo gaba ɗaya da kallo kawai. Yana magana yana buɗe hannu, gwiwar hannunsa tana tura wani babban gwangwanin ruwan wanke buroshi zuwa bakin tebur, kaɗan-kaɗan. Wani yaro a bencin gaba ya gani, ya ɗaga hannu da buroshinsa cike da shuɗin fenti.

"Na gan ka," in ji Malam. "Haƙuri ma ɗa'a ne."

Shuɗin ya gangaro wa yaron har gwiwar hannu. Na kusa da shi ma ya ɗaga hannu, na bayansu suka ɗaga, kafin ka ce kwabo aji duka hannu a sama, ja da kore da rawaya suna ɗiga a kan huluna da ɗankwalaye, babu mai cewa uffan. Malam ya dube su ya yi murmushi.

"Kun ga abin da ake kira sha'awar karatu."

Gwangwanin ya faɗo. Ruwan, wanda launinsa ya yi kama da na kwata bayan ruwan sama, ya wanke farin takalmin da ƙafar wandon.

"Ku duka kuna gani, ba wanda zai faɗa mini?"

"Malam, magana maki biyar ce," in ji Monita.

"Saura tamanin da biyar!"

Da ya dawo ɗakin malamai takalmi na ƙara cakal-cakal, malamar lissafi ta dubi ƙafarsa, ta koma kan littafinta.

"An fara zanen ke nan."

"Juma'ar da za ta yi kyau," in ji shi, "tun daga Laraba ake gane ta."

"Gaskiya ne. Mun gane ta."

A darasi na gaba ya zo da gyara. Ya ja kujerarsa can bakin ƙofa, ya ja layi da alli a ƙasa, ya ce daga nan zuwa nan ƙasar malam ce, ba yaro ba fenti. Ba mai kawo masa zane. In an tashi, Monita zai tattara takardun a kife, ya jera a cikin wani babban kwali, ya rufe. Shi kuma zai tsaya a ƙofa, kowa ya nuna tafin hannu da bayansa da gaban riga, a ba shi makinsa ya wuce.

Ya busa usur. Babu wanda ya motsa. Yara sun harɗe hannu a ƙirji, gwangwanayen fenti a rufe, takardu fari fat.

"Me kuke jira?"

Shiru.

"Na yafe biyar ɗin. Monita, me kuke jira?"

"Malam, tsare makinmu muke yi. Jiya an yi wa wasu faɗa a gida."

Nan take aka ƙara doka: duk wanda buroshinsa ya tsaya, a rage. Yara suka dubi fenti, suka dubi hannuwansu, suka dubi juna. Gaba kura, baya sayaki. Monita ya gyara tabarau, ya yi ɗan tunani, sannan ya tsoma buroshinsa a cikin kofin ruwa zalla, ya ɗora a kan takarda, ya fara ja a hankali. Na kusa da shi ya leƙa, ya gane. Dabarar ta bi benci-benci har bangon baya, ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, tunda magana tana da tsada.

Daga ranar ajin zane ya zama abin kallo. Sai ka wuce ta taga ka ga kawuna a sunkuye, buroshi na kai da komo, wani har da fito da harshe don tsananin mai da hankali, ba ka jin komai sai ƙarar tsoma buroshi a ruwa. Malam yana can ƙasarsa, bayan jarida. Shugaba ta wuce sau ɗaya ta jinjina kai. Malamin ajin da ke maƙwabtaka da su ya zo ya leƙa don ya ɗauka an sallami yaran. Mai kula da sito ya tare Malam ya ce tunda yake bai taɓa ganin fenti mai albarka irin na bana ba, ko gwangwani ɗaya ba a dawo neman ƙari ba.

"Tattali ma ɗa'a ne," in ji Malam. "Ka faɗa wa Shugaba, kada ka ji nauyi."

Yanzu in ya shigo ɗakin malamai ba ya zama sai ya juya kujerar katako hagu da dama, wai yana sabawa.

Malamar lissafi ta ce, "Malam, ka taɓa buɗe kwalin nan kuwa?"

"Don me? Likita sai ya farke cikin mutum kafin ya san yana da lafiya? Ido yake dubawa. Ni hannu nake dubawa."

"Allah ya ba da lafiya."

Mutum ɗaya ce ta ɓata lissafi. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce a bencin baya, wadda ake kira Tawada saboda ba a taɓa ganin yatsunta da launinsu na asali ba. Ita dai ta kasa. In ta ga fenti sai ta buɗe, in ta buɗe sai ta manta da duniya. Kullum a bakin ƙofa sai Malam ya ja da baya, ya kama gefen rigarsa, ya ce, "Hannu. Riga. Goshi. Har da kunne? Ke da kunne kike zane?" Makinta ya yi ta gangarowa har ya kai sifili, ya wuce.

Uwarta mai ɗinki ce. Ta zo makaranta da tef ɗin awo a wuya, da alama daga kan keke ta taso.

"Malam, an ce 'yata ta ci ƙasa da sifili. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma a sanina ƙasa da sifili rami ne."

"Baiwar Allah, ba rami ba ne. Ta cinye na bana ne, ta shiga na baɗi."

"Yarinyar da ta zane mini bangon ɗaki, ta zane ƙofa, ƙaninta ma in ya yi barci ba ta bar shi ba? A zanen ta faɗi?"

"A ɗa'a ta faɗi."

"Ka ga abin da ta zana?"

"Na ga hannunta."

"To madalla. In ka kawo ɗinki wurina, ranar karɓa sai in nuna maka hannuna ka biya ka tafi."

"Ɗinki daban, ilimi daban. Ki zo ranar taro. Gani ya kori ji."

"Zan zo. Ko da keken a ka."

Hukuncin da ya yanke bayan tafiyarta shi ne a ware Tawada daga mutane. Aka kai ta lungun kabad ita kaɗai, aka juya teburinta yana kallon ƙofa, don duk lokacin da ta ɗago ido ta ga malaminta ta ji tsoro. Yarinya ta zauna. Takan ɗago ido sosai kuwa, har Malam ya ba da labari a ɗakin malamai cewa kwarjininsa ya fara aiki.

Ana gobe taro sauran malamai suka yi ta liƙa ayyukan ɗalibansu a bangon babban ɗakin taro. Malam Ba-Wuya ya ɗaura doguwar igiya daga taga zuwa taga, ya bar ta haka nan. Ya ce nasa ba irin wanda ake liƙawa a ɓoye ba ne, a gaban jama'a za a buɗe. Ya sa Monita ya fito da zanen ƙarshe na kowane ɗalibi, ya jera su bisa maki, mai ɗari a sama, mai rami a ƙasa.

Monita ya jera, ya rufe kwali, ya tsaya yana murza yatsu.

"Malam, akwai wata 'yar magana."

"Nawa ce magana?"

"Biyar."

"Kana da sha'awa?"

Yaron ya yi tunani. Da ƙyar ya farfaɗo da makinsa ya koma ɗari ta hanyar goge allo, kuma babansa ya yi masa alkawarin keke.

"A'a, Malam."

Ranar taro ɗaki ya cika. Wakilin hukuma, wani dattijo mai sanda da tabarau mai kauri, yana zaune kusa da Shugaba. Malam ya zo da sababbin fararen kaya masu sitati, in ya motsa har ƙara suke yi. Ya kuma zo da matarsa, ya zaunar da ita a layin gaba, don a cewarsa bai kamata mace ta ji labarin naɗin mijinta a bakin maƙwabta ba.

Da aka zo kansa ya busa usur. Ɗalibansa suka shigo a layi, suka tsaya, suka nuna tafin hannu, suka juya bayansa. Iyaye suka tafa. Ya yi jawabi a kan yadda ya tarar da ajin kamar tashar mota, ya mai da shi kamar asibiti. Ya ce ba ya son yabon kai, amma abin da ya yi wa aji ɗaya zai iya yi wa makaranta duka, in an ba shi wurin zama.

"Yanzu ga na ɗaya. Maki ɗari cif."

Baban Monita, wani ƙaton direba, ya miƙe tsaye. "Nawa ne! Ɗana ne wannan!"

Malam ya zaro takarda ya ɗaga sama. Fara ce. Ta ɗan yi kumburi nan da can, kamar wadda aka manta a aljihu aka wanke.

Direba ya matso. "Malam, juya gaban."

Malam ya juya.

"To wanne ne gaban?"

Wakilin hukuma ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Malam ma ya duba, karo na farko.

"Wannan," in ji shi, "zanen zamani ne. Fari ma launi ne, ranka ya daɗe. Shi ne ma uban launuka. Ba kowane ido ke gani ba."

"Nawa dai bai gani ba," in ji dattijon. Ya yafito Monita. "Ɗana, me ka zana?"

Monita ya dubi Malam.

"An yafe," in ji Shugaba. "Yi magana."

"Jirgin ruwa ne, ranka ya daɗe. Da teku, da masunta."

"Ina jirgin?"

"Ya bushe."

Wani a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Malam ya yi sauri ya maƙala takardar a igiya ya zaro ta biyu. Fara. Mai ita, wata yarinya mai kitso biyu, ta ce gidansu ne da kaji.

"Su ma sun bushe?"

"E, ranka ya daɗe. Amma da sun yi kyau."

Ta uku fara. Ta huɗu fara. Malam ya daina maƙalawa, ya koma zarowa yana leƙawa yana jefarwa, takardu na tashi kamar an buɗe akurkin tattabaru. Yaran kuwa suna tsaye a layi, hannu a baya, kowa ya ga tasa ta wuce sai ya faɗi sunanta cikin ladabi: "Raƙumi." "Kasuwa." "Kakata tana tankaɗe." Wata uwa ta tsinci ta ɗanta ta ɗaga wajen hasken taga, ko za ta hango kakar.

"Malam," in ji direba, "keken nan fa na riga na saya. Ka gaya mini gaskiya, ɗari ɗin ta mece ce?"

"Ta ɗa'a ce! Dubi hannunsa!"

"Hannunsa a gida ma ina ganinsa kyauta."

Gumi ya fara karya sitatin. Malam ya kai hannu ƙasan kwali, ya taɓo takarda ta ƙarshe, ya ji ta da nauyi. Ya ga launi ya huda har ta baya, ja da shuɗi da ruwan ƙasa. Bai tsaya dubawa ba. Ya fizgo ta ya ɗaga bisa kansa da hannu biyu, fuskarta na kallon jama'a, ya juya dama, ya juya hagu.

"Ga shi! Wa ya ce ba a aiki a ajina? Ku duba da kyau! Wannan shi ne abin da ake yi a ajina kullum!"

Aka duba da kyau.

Mutum ne cikin fararen kaya a kan kujera a bakin ƙofa. Ƙafafunsa a miƙe, takalmi ɗaya ya zame. Jarida ta sauka a kan tumbi. Hula ta karkace ta rufe ido ɗaya, kai ya faɗa baya, baki a hangame, usur yana kwance a ƙirji, ƙuda ya sauka a kansa yana hutawa. Ba a rubuta suna ba. Ba a buƙata.

Ɗakin ya yi shiru irin wanda Malam ya daɗe yana alkawari. Sai muryar matarsa ta fito daga layin gaba, a sanyaye, cike da mamaki.

"Wallahi shi ne. Har yadda yake sakin leɓen."

Abin da ya biyo baya an ji shi daga bakin titi. Direba ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Wakilin hukuma ya jingina goshi a kan sandarsa, kafaɗunsa na rawa. Yaran ne kaɗai ba su yi dariya ba, don ba a gaya musu nawa ce dariya ba.

Malam ya sauke takardar a hankali, ya juyo da ita, suka kalli juna.

"Tunani nake yi a nan," in ji shi. "Haka nake tunani."

Shugaba ta miƙa hannu ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa. "Wa ya yi wannan?"

Tawada ta fito daga ƙarshen layi, da ɗigon kore a haɓa.

"Malam, nawa ka ba ta?" in ji Shugaba.

"Ranki ya daɗe, in aka duba ta fuskar..."

"Ƙasa da sifili," in ji mai ɗinki daga tsakiyar jama'a. "Har ta shiga na baɗi."

Shugaba ta sunkuya suka yi ƙus-ƙus da dattijon. Sannan ta miƙe ta ce an soke makin ajin zane duka, za a sake idan mai ajin ta dawo. Zanen nan za a sa masa gilashi a rataye a ƙofar shiga. Ofishin ladabtarwa kuma, daga gobe, malamar lissafi ce za ta zauna a ciki.

Malamar lissafi, wadda ta shigo taron da littattafanta, ta ce, "To," ta ci gaba da dubawa.

Washegari Malam ya dawo cikin wandon wasanni. Mun zaci zai riƙa zagayawa ta ƙofar baya. Ina! Da aka tashi na same shi a ƙofar shiga, ya tare wani baƙo da ya zo neman wa ɗansa gurbi, ya riƙe masa hannu a gaban gilashin.

"Ka ga wannan aikin? Ɗalibata ce. A hannuna ta koya, ni na zaɓa mata wurin zama da kaina." Ya ja da baya, ya karkata kai, ya ƙanƙance ido. "Bakin ne kawai ta ɗan ƙara. Amma yarinya ce, za ta gyara."